Shehin da Na Yi wa Alwala

Ku gafarce ni, na zo muku da 'yar damuwa.

Jiya ina gyaran akwati na ci karo da wani tsohon littafi. Maigida ne ya kawo shi daga biro, wato ofishinsu, farkon zuwan ordinatar, wato kwamfuta, Diffa. Da Faransanci yake, ga hoton dattijo mai gemu har ƙirji. Ni ban yi boko ba, na ɗauka shehi ne, na naɗe shi a ƙyalle. Shekara uku ba na taɓa shi sai da alwala.

Wata rana na ce wa maigida, "Malam, shehin nan ɗan wace ƙasa ne?"

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Hajiya, boka ne na cikin wasan ordinatar, babu shi a duniya! A cikin wasan, wai littafi tara ya rubuta, wannan kan ladabin gaisawa da kwaɗi ne."

Kwaɗi! Mu da ke bakin kogin Komadugu, su da ba sa bari mu ji kiran salla.

Yanzu Ya Falmata mai ƙosai tana son takardun littafin don ƙunshin ƙosai, hannuna kuwa ya ƙi miƙawa. Rubutu ne fa. In ba ta ko in ƙone? Don Allah ku amsa da wuri, da la'asar za ta dawo.