Malam Waliyyu da Igiyar Awo

Ranar Asabar, 8 ga Fabrairun 2025, ina tsakiyar gyaran albasa aka bugo mini waya daga Jega cewa Allah Ya karɓi ran Malam Waliyyu Zakariyya, wanda ya koya mana Turanci a Aliero shekaru talatin da suka wuce. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kuka bai zo mini ba a ranar. Gajiya ce ta sauko mini, har yau ba ta sake ni ba.

Malam, kowa ya san ka da son tsofaffin kalmomin da Turawan ma sun daina faɗa. Mukan yi maka dariya a aji idan ka ɗauko wata ka shiga ba mu tarihin kakanninta har a kaɗa ƙararrawa. Littattafan rabin ajinmu kai ka saya, ba ka taɓa faɗa wa kowa ba.

Bayan rasuwar mijina, rigimar iyaka ta tashi tsakanina da maƙwabcinmu Ukasha a kan fadamarmu ta Jiga Birni, wadda da ita nake ciyar da marayu huɗu. Shekara biyu ina zirga-zirga. Hujjata ɗaya ce, takardar zamanin En'e da ta ce tsawon gonar rabin *furlong* ne daga tsohuwar rijiya. Wayar hannu ta ba mu lissafin tsawon, amma dattawa suka ce sai wanda kowa ya yarda da shi ya auna. Ni na kawo sunanka, don na ɗauka malamina ba zai kunyata ni ba.

Ka zo a bayan babur, ƙafafunka a kumbure. Ka zauna ka bayyana wa manoma cewa kalmar ta manoman Ingila ce na dā, ma'anarta tsawon kunyar da shanun huɗa ke ja kafin a juya su, daga baya aka tsayar da ita yadi ɗari biyu da ashirin. Tsofaffi suka ji daɗi, wai ashe Bature ma ya taɓa bin bayan shanu. Sannan ka ja igiya da hannunka, kana tsayawa kana haki.

Da ka gama ka dube ni ka ce, “Rahinatu, ɗiyata, taku goma sha biyun ga na Ukasha na. Na auna har sau ukku, ina son in ga kuskurena, ban gani ba.”

Ban ko raka ka bakin hanya ba. Wata biyu ban gaishe ka ba. Ka aiko matarka, Gwaggo Khairiyya, da irin albasa, na karɓa ban yi godiya ba. Na ji ka kwanta ciwo, na ce sai na cire amfanin gona zan je. Ban cire ba tukuna.

Jiya na kira Ukasha muka kafa dutse a inda ka tsaya da igiyar. Abin da ya rage zai ciyar da mu, da ƙyar dai. Ka yi gaskiya, Malam, ni ce na yi maka butulci, ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya zama shaida.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanka, Junaidu da Jannatu, da ɗalibanka na Jega, Aliero da Maiyama. Gwaggo Khairiyya, Allah Ya ba ki haƙuri. Ina tafe ranar Juma'a, in kin yarda in shigo.