Layar Da Na Ɗinka A Rigar Nutson Ɗana

Ranar da abin ya fito fili mu biyar ne a tsakar gidana a Lamashegu: ni, da ɗana da ya sauka daga tafiya da safen nan, da matarsa, da ƙanwata da ta zo daga Sakasaka yi masa sannu da zuwa, sai maƙwabciyata, malamar makaranta ce, Kirista 'yar kudu, wadda ita ke rubuta mini wannan, don ni ban taɓa zama a aji ba. A lokacin ni mace ce da ba a yi wa musu. Da man ni kaɗai na raini 'ya'ya huɗu bayan rasuwar ubansu, kuma babu jakar da za ta kwana a gidana ban leƙa cikinta ba.

Ɗan nawa nutso ne sana'arsa. Ya tafi bakin teku neman aiki, ya koyi shiga ƙarƙashin ruwa da tukunyar iska goye a baya, daga baya ya samu wuri a wani jirgin ruwa mai kai baƙi wani tsibiri can nesa, inda ya ce babu asibiti, ko waya ba ta kamawa. A jirgin suke ci, a ciki suke kwana har kwana goma, kullum su sauka ƙasan teku kallon kifi, shi a gaba suna bin sa. Ni da ko madatsar ruwan unguwa ban taɓa barin yaro ya je ba. Na faɗa masa a gaban kowa cewa ba ruwana da aikin nan, ko kayansa ba zan kalla ba.

Amma na kalla. Da ya zo hutu jakarsa ta kwana biyu a ɗakina kafin ya kai ta gidansa a Vittin. Na buɗe, na ga wata baƙar riga mai kauri marar hannu, wadda na taɓa jin ya ce ba ya shiga ruwa sai da ita. Na je na karɓo laya ta tsari. Na san in na ba shi a hannu zai yi dariya ya jefa a aljihu ya manta, sai na yanke shawarar ɗinka ta a ciki, wajen hammata. Idona ya yi rauni, maƙwabciyata ce ta sa mini zare a allura, na ce mata zanena zan gyara. Na yi ɗinki ƙanana-ƙanana, na bi ta kowane gefe sau biyu don kada ruwa ya tafi da ita. Har yabon hannuna na yi.

A tsakar gidan nan, bayan an ci tuwo, ya sa hannu a aljihu ya ajiye layar a kan tabarma. Ya ce rigar nan jakar iska ce a cikinta, ita ke riƙe mutum kada ya nutse, ita ke ɗago shi sama. Ya ce a jirgi ya hura ta ya ga ta cika, bai san tana yoyo a hankali ba. Suna ƙasa, ruwa ya fara jan su zuwa zurfi, wani dattijo cikin baƙin ya firgita ya ruƙunƙume shi. Ya ƙara wa rigar iska, sai ɗinkin ya buɗe, kumfa na fita ta hammatarsa, su biyu suna ta yin ƙasa. Sai da ya kwance dalmar da ke ƙugunsa mai ƙara masa nauyi ya yar, ya yi ta bugun ƙafa da mutum a wuyansa, har suka fito. Da shugaban jirgi ya farke rigar a gaban ma'aikata, abin da ya faɗo ke nan, aka hana shi shiga ruwa har ƙarshen tafiyar.

Ina jin muryarsa kamar daga cikin rijiya. Ban dawo hayyacina ba sai da na ji ya juya kan matarsa. Ita tela ce, kuma ita ta shirya masa jakar. Ya ce ɗinki irin wannan sai hannun tela, Mma kuwa, wato ni, ko zare ba ta iya sa wa allura. Yarinyar ta rantse, ya ce ta ajiye rantsuwarta, gobe ta tafi gidan ubanta sai ya neme ta. Ƙanwata ta ƙara da cewa 'yan matan yanzu in aka saya musu keken ɗinki har bakin miji sai sun ɗinke. Ni kuwa, ni da nake gyara wa kowa zama, na yi shiru. Maƙwabciyata ta dube ni sau ɗaya ta sunkuyar da kai. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce mini a hankali, zaren da ta sa mini ranar nan baƙi ne, zanen da na ce zan gyara kuwa fari.

Abin da har yau yake girgiza ni abu biyu ne. Da hannuna na kusa binne ɗana a inda ko gawarsa ba za a samo ba, ina ganin tsare shi nake yi. Sannan da aka ɗora laifin a kan baiwar Allah, girman kaina ya rufe mini baki. Iyaye mata 'yan'uwana, kayan aikin da ba ku san kansa ba, ku bar shi yadda kuka gan shi. Addu'a ba ta bukatar allura. In kuna tsoro, ku faɗa wa ɗan kuna tsoro. Ni na gwammace in soki rigarsa a ɓoye da in ce masa ina jin tsoro, ga inda abin ya kai ni.

Washegari bayan sallar asuba na hau yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, zuwa Vittin. Na tarar ta ɗaure kayanta, kan keken ɗinkin a naɗe cikin zane, shi yana zaune kan benci a waje. Na kira shi ya shigo. Na cire takalmina, na durƙusa a gaban matarsa, na faɗi komai tun daga buɗe jaka har shirun da na yi. Shi ya dafa bango. Ita ta kama hannuna tana cewa Mma ki tashi, ƙofa a buɗe take, maƙwabta na gani. Na ce su gani. Ban tashi ba sai da ta ce ta yafe. Sannan na jawo ƙunshin kayan, na kwance shi da kaina, na mayar da su ɗaki ɗaya bayan ɗaya.