Nazifi da Kasetocinsa na Japan

Ina wanke motar kafil ɗina, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki ƙasar Larabawan nan, a unguwar Al Aziziya da safen nan aka kira ni. Nazifi ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.



Shi injiniya ne a wajen gas, ni direba. Gem ne ya haɗa mu. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya gan ni ina buga wani tsohon gem na Japan a waya, irin wanda kake yawo gari-gari da tawagarka kana yaƙar dodanni. Ya leƙo ya ce, "Malam, wannan ai jika ne. Zo gida ka gaida kakansa."

Na je gidansa a Madinat Khalifa. Wallahi ranar ko shinkafar da matarsa ta dafa ban ji daɗinta ba.

Duk fitowar da gem ɗin ya taɓa yi tana cikin durowar gilashinsa. Ga kaset na farko, wanda a Japan kaɗai aka sayar. Ga na Turanci da bai fito ba sai bayan shekaru, wanda ya ce an canza wa mutane sunaye an kuma sassauta wahalarsa. Sai na faifai da aka ƙara wa bidiyo, sai na 'yar na'urar hannu. Ni kuwa abin da na sani shi ne faifan jabu na wani gidan gem a Kaduna, wanda yake maƙalewa daidai bakin kogo.

Kishi ya cika ni. Ya kuma gani a fuskata, ya yi ta dariya.

Amma a ranar ya ba ni na'urar hannun, da ita na koma ɗaki. Bai taɓa cewa in dawo da ita ba. Da aka yi mini aikin afendis, shi ya zo ya zauna gefen gado yana karanta mini Japanancin da ya koya saboda gem ɗin nan kawai.

Sai kuma aka kawo wani dattijo ɗan Japan wajen aikinsu, wanda ya ce da ƙafarsa ya bi layi ranar da kaset na farko ya fito. Shi ke nan. Kowace hira sai "dattijo ya ce". Ni da nake ganin ni ne abokin gem ɗinsa, na koma ɗan kallo. Abin ya ci mini rai sosai.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a Al Asmakh ce, muna shan shayin karak. Ya ce sabon gem ɗin da aka sake ginawa ya fito, har sun fara shi da dattijon.

Na ce, "To ai sai ku ƙarasa abinku."

Ya ce, "Haba Bashir, da tsoho kake kishi? Shi tarihi ya sani. Kai kuma da kai nake jin daɗin faɗuwa a gem. Yalla, Juma'a ka zo, khalas, magana ta ƙare."

Dattijon nan ne ya kira ni yau. A gabansa Nazifi ya yanke jiki ya faɗi jiya a wajen aiki. Shi ya riƙe hannunsa a motar asibiti.

Shi, ba ni ba. Ban san yadda zan yi da wannan a zuciyata ba.

Dattijon yana kuka ya ce Nazifi ya yi ta maimaita wasu kalmomi da bai gane ba, ko zan faɗa masa ma'anarsu. Ya kwaikwaya mini su a hankali.

Kalmar shahada ce.

Ya Allah ka gafarta wa Nazifi, ka haskaka kabarinsa, ka ba matarsa da 'yarsa haƙuri, ka sa mu ma mu cika da wannan kalma. Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya sa shi a addu'a.