Takardar da Na Ninke Ranar Lahadi

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya in warware cikin duk abin da na aikata, ba zan yi dogon tunani ba. Zan koma wata safiyar Lahadi, in buɗe wata 'yar takarda da na ninke, in karanta ta da ƙarfi. Layi uku ne a cikinta. Ban karanta ba, mace ta mutu.

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ne. Ina aikin masinja a wata ma'aikata, ina haya a Tarauni. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina da murya, kuma ina cikin dattawan ikilisiyarmu, shi ya sa aka ba ni karanta sanarwa. Majami'armu ƙarama ce. Yawancinmu neman abinci ya kawo mu Kano, dangi suna can nesa, mu ne dangin juna. Wayar hannu ba ta zo ba tukuna. In an kwantar da wani a asibiti, sai an faɗa ranar Lahadi kowa zai ji. Da an tashi daga sujada zumuntar mata za su raba ranakun jinya: wannan ta kai kunu, wannan ta yi wanki, wannan ta zauna da mara lafiya. In jini ake nema, maza su tafi tare, ko gida ba sa biyawa. Duk wannan daga bakina yake farawa.

Akwai wani makanikin babur a cikinmu, yana zaune a Darmanawa da matarsa. Gwani ne a aikinsa, amma yana sha. Wata rana ya zo majami'a a buge, na tare shi a ƙofa, sai ya ce a gaban jama'a, “Dattijo, matsa mini. Kai da kake karatu kamar mai tauna tsakuwa!” Aka yi dariya, har da matata. Dattawa suka sa shi a horo na wata shida: zai zauna a bencin baya, ba zai ci jibin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki da muke rabawa, ba, ba zai yi magana a sujada ba. Ya karɓa, har ya bar shan. Ni dai dariyar nan ba ta bar kunnena ba.

Saura wata ɗaya horon ya ƙare, ya tare ni a bakin majami'a tun kafin a fara, idonsa jawur.

“Baba, an kwantar da mai ɗakina tun shekaranjiya. Jini take zubarwa. Sun ce aiki za a yi mata, amma sai an kawo masu ba da jini, kuma irin nata yana da wuyar samu. Nawa sun ƙi karɓa, wai na taɓa yin ciwon shawara. Ga shi na rubuta.”

Na karɓa, na duba, na ce, “Ka dai san matsayinka.”

“Na sani, Baba. Amma ita ba ta yi komai ba.”

“Za mu duba,” na ce. Na ninke takardar na sa a cikin Littafi Mai Tsarki.

Babu dokar da ta hana a karanta ta. Ban tambayi Fasto ba, don na san abin da zai ce. Na gaya wa zuciyata cewa tsari nake karewa, mako ɗaya ba zai kashe kowa ba. Da lokacin sanarwa ya yi, na karanta na sharar majami'a, da na koyon waƙa, da na wani biki. Ina ganinsa can baya ya miƙe tsaye, ya riƙe bencin gabansa da hannu biyu. Na rufe littafin na zauna. Ya ɗan jima a tsaye, sannan ya fita. Ya ɗauka hukuncin dattawa ne gaba ɗaya, don haka bai ƙara tunkarar kowa a cikinmu ba.

Daga baya na ji yadda ya yi kwana biyun nan. Ya bi garejojin Gyaɗi-Gyaɗi ɗaya bayan ɗaya yana roƙo. 'Yan acaɓa uku suka bi shi, ɗaya kaɗai jininsa ya dace. Maigidan hayarsa, wani Alhaji, ya tura ƙannensa biyu, nasu bai dace ba.

Ranar Talata da hantsi shugabar zumuntar mata ta shigo mini ofis ko sallama babu. Ta lura matar makanikin ba ta zo sujada ba, ta je gidan, maƙwabta suka gaya mata komai.

“Dattijo, an ba ka takarda ko ba a ba ka ba?”

“Mama, ai kin san yana cikin horo.”

“Shi ne a kan gadon? Tashi! In kana da ragowar kunya, tashi!”

Na fita ko izini ban nema ba. Muka rabu, ita ta bi mata, ni na bi maza. Na hau acaɓa zuwa wurin kafinta, daga nan shagon tela, daga nan makarantar da wani ɗan'uwa yake koyarwa. Kowa na gaya wa, sai ya ajiye abin da ke hannunsa. Ba wanda ya ambaci horo. Tambaya ɗaya suke yi, “Me ya sa ba a faɗa ranar Lahadi ba?” Ni kuma in ce, “Mu je dai, mu je.” Takalmina ya tsinke a hanya, na ƙarasa asibitin koyarwa da shi a hannu.

Nas ɗin da ke ɗakin, wata Hajiya da ta saba ganinmu, ta ga mun cika baranda ta ce, “Baba, ina kuka shiga? Tun Juma'a nake duba ƙofa. Na ce wa matar nan kada ta damu, mutanensu ba sa barin nasu.”

Na miƙa hannuna a fara da ni. Aka gwada, nawa ya dace. Har yau wannan ya fi komai ci mini rai. Jinin da ake nema yana jikina tun ranar Lahadi, yana zaune a bencin gaba.

Aka sami wasu biyu. Likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, amma jikinta ya riga ya yi rauni. Na ga lokacin da aka gungura ta, leɓunanta fari fat. Ta gane ni, ta motsa baki ta ce, “Sannu, Baba. An gode.” Na durƙusa a barandar ina roƙon Allah ya ɗauki kwanakina ya ƙara mata. Ranar Laraba da safe ta rasu.

Jana'izar kam mun yi ta yadda ya kamata. Mata suka yi mako guda suna dafa abinci a gidan, maza suka raka gawa har ƙauyensu, aka raba kula da 'ya'yanta mata biyu. Ni na karanta sanarwar rasuwar. Ita kam ban ninke ba.

Lahadi ta gaba na tsaya gaban ikilisiya na faɗi abin da na yi, na roƙi a sa ni a bencin baya. Nan na tarar da makanikin. Muka zauna kafaɗa da kafaɗa har aka tashi. Na ce, “Ka yafe mini.” Bai dube ni ba, ya ce a hankali, “Baba, da ka karanta. Ko da tauna tsakuwar ne, ai da sun ji.”

Ya yafe mini bayan shekaru, shi da kansa ya zo har gida. Takardar tana nan cikin Littafina, ninkin ya kusa raba ta biyu. Ku da aka ba murya a cikin jama'a, ina roƙonku da Allah, in aka miƙo muku kukan wani ku isar da shi a ranar, ko da mai miƙowar ya taɓa kunyata ku. Kada ku yi abin da na yi.