Tafintar Mma

Yanzu idan jikata Hauwa tana son kallon fim a gidana da ke unguwar Erdington a Ingila, wayarta kawai take taɓawa. Ta tsayar da shi ta je ta haɗo shayi, ta mayar da shi baya in wata magana ta wuce ta. A zamaninmu fim ba ya jiran kowa. Abin da ya wuce ka ya wuce, sai dai wanda ya gani ya ba ka labari, kuma a gidanmu na Moss Side, a Manchester, ni ce mai ba da labarin.

Wata Lahadi ce a hunturun shekarar da na cika tara, shekara biyu da tasowarmu daga zangon Kumasi. Tun da safe na sauka ɗakin ƙasa na ɗebo kwal bokiti biyu, na kwashe tokar murhu, na wanke dandamalin ƙofar gida kamar yadda matan layinmu suke yi, don mahaifiyata, wadda muke kira Mma, ba ta yarda a ce dandamalin baƙi ne ya fi datti ba. Wanki yana rataye a gaban wuta tun jiya bai bushe ba. A lungun bayan gida yara suna tsallen igiya suna kiran sunana, amma ban fita ba. Baba yana wurin aikinsa na bas, yayarsa Gwaggo Asabe ta zo da ƙullin kuka da daddawa da wani ma'aikacin jirgin ruwa ya kawo mata, an ci tuwo an sha ruwa, kuma lokacin tsohon fim ya yi a talabijin. Wurin zamana sananne ne: a ƙasa, kusa da gwiwar Mma, inda yatsanta zai iya taɓa kafaɗata ta ce, "Larai, me ya ce?"

Wannan aiki ba a fim kaɗai nake yin sa ba. Ni ce bakin Mma a wurin mai nama, a ofishin makaranta, da gaban likita. Abin da ba wanda ya sani shi ne, Turancina na filin makaranta ne, na wasa da faɗa da layin shan madara. In manya suka yi sauri, nakan kama kalma uku in cike sauran da abin da ya fi dacewa. Ba a taɓa kama ni ba, har na fara ganin haka ake tafinta.

Fim ɗin ranar baƙi da fari ne, irin waɗanda aka yi bayan babban yaƙi. Wani mai binciken laifi ne da malafa da doguwar kwat, wata mace ta zo ofishinsa tana neman mijinta, tsohon soja da ya fita bai dawo ba. Ban taɓa ganin inuwa tana aiki haka ba. Hasken taga yakan yanka fuskar mutum gida-gida, takalmi ya yi ƙara a kan matakala kafin a ga mai shi, titi jiƙe yana sheƙi kamar namu na waje. Mma ta ajiye tsintar shinkafar da take yi. Gwaggo kuwa ba ta bar 'yan fim ɗin sun huta ba. "Wannan ba shi da uwa ne? Tun ɗazu taba kawai yake sha, ko ruwan koko ba a ba shi ba." Da aka tsinci gawar mijin a bakin ruwa, ta tafa hannu: "Mutum ya mutu, ba mai wanka, ba mai zuwa gaisuwa, kowa ya sa hularsa ya tafi! Wane irin gari ne wannan?" Baƙin mutum ɗaya ne ya fito a fim ɗin gaba ɗaya. Ya buɗe ƙofa, ya karɓi jaka, ya ɓace. Mma ta ce, "Ko sunansa ba su tambaya ba."

La'asar a hunturun Ingila da wuri take shiga, kuma ba ta daɗewa. Suka tashi alwala suka bar ni gadin fim, kamar kullum. A cikin wannan ɗan lokaci mai binciken ya tsare matar a wani ɗaki ya yi ta zuba magana ta hanci, da sauri, sunaye suna bin sunaye. Ko ɗaya ban kama ba. Da suka sallame suka dawo, Gwaggo ta ce, "To, Malama tafinta, ina aka kwana?" Ni kuwa ina son matar nan, ina son gashinta da safar hannunta. Sai na ce ya gano ba ta da laifi, yanzu za a mayar da ita wurin danginta. Ban rufe baki ba sai ga 'yan sanda biyu sun sa ta a tsakiya. Na ce rakiya ce. Gwaggo ta ce, "Ah to, gara dai," ta ɗaura ɗankwalinta ta tafi gida da farin ciki.

Sai da muke wanke-wanke Mma ta tayar da maganar. Tana goge tukunya, ba ta dube ni ba, ta ce, "Matar nan ita ta kashe shi. Tun da ta ajiye kofi hannunta yana rawa na sani." Ta miƙo mini tukunyar ta ce, "Fim dai wasa ne. Amma gobe za mu wurin likita, kuma cikin nan ba wasa ba ne. In ba ki gane ba, ki ce ba ki gane ba. Ni ba ni da wani kunne sai naki." A lokacin cikin ƙanena ya kai wata bakwai, ƙafafunta sun kumbura har takalmin Baba take sawa.

Washegari likita ya duba ta, ya yi bayani mai tsawo yana rubutu. Na ji "gishiri", na ji "hutu", sauran ya bi iska. Yatsan Mma ya taɓa kafaɗata. Amsa ta riga ta haɗu a bakina, mai daɗi, cewa komai lafiya. Na haɗiye ta. Na ce wa likita da Turanci ban gane ba, ya sake faɗa. Ya cire tabarau, ya juyo da kujerarsa, ya maimaita a hankali: jininta ya hau, in ta ji ciwon kai ko ta ga wani haske-haske a idonta, kada a jira Baba ya dawo daga aiki, a tafi asibiti nan take. Sau biyu na sa ya maimaita. Bayan mako uku ta ga hasken tana tuƙa tuwo, muka bar tukunya a kan murhu muka tafi. Ƙanen nawa yanzu yana unguwar Small Heath, da furfurarsa da jikokinsa.

Daga baya aikin tafinta ya zama sana'ata. Na yi shi a Jidda, na yi a Marseille, na kalli finafinan Alƙahira da na Faransa da harsunansu. Kwanakin baya Hauwa ta nemo mini wannan fim ɗin muka kalla tare. Inuwar tana nan da kyanta, ƙarar takalmin nan har yanzu tana tayar mini da tsigar jiki. Amma yanzu da nake jin kowace kalma, sai na ga dogon bayanin mai binciken cike yake da giɓi. Wanda ya kai gawar bakin ruwa ba a faɗe shi ba, kuma an jibga wa mace ɗaya laifin gari guda don a samu a tashi. Da 'yan fim ɗin Alƙahira ne, da sun ba ta uwa mai kuka a ƙofar kotu. Gwaggo ta fi masu fim ɗin gaskiya, Allah ya ji ƙanta. Duk da haka da ya ƙare na ce a mayar da shi farko.

Hauwa ta tambaye ni dalili, sai na ba ta labarin Mma da tukunya, na faɗi maganarta yadda ta faɗe ta. Yarinyar ta saurara da kyau, ta yi murmushi, sannan ta roƙe ni in maimaita da Turanci. Na maimaita, amma ba muryar Mma ba ce ta fito. A gidanmu yanzu Hausa ake fassarawa.