Baba Sale Mai Duba Kwalba

Ku da kuka zauna da Baba Sale a unguwar Manfuha kun san ba ya shan komai sai ya ɗaga kwalbar ya haska ta a rana. Ko ruwan Zamzam ne! Kafin ya zo Riyad tuƙi, aikinsa ke nan a babban kamfanin giya na Kaduna, kwalabe na wucewa yana neman ƙazanta. Ɗaki ɗaya muka zauna, na gaji da shi har na saba.

Ran nan kafilinsa, Balaraben da yake yi wa tuƙi, ya miƙa masa lemon kwalba a unguwar Ulaya. Baba ya ɗaga, ya kanne ido.

"Esh fi, ya Saleh?" in ji Balaraben, wato me ya faru.

"Mafi mushkila, mudir," in ji Baba, wato ba matsala, maigida. "Lafiya lau. Amma a zamaninmu da an kori wani."

In na tsokane shi da aikin haram, sai ya harzuƙa. "Ko ɗigo ban taɓa lasa ba! Kuma a unguwarmu wa bai ci kamfanin nan ba? Jiniyarsa ke tashin ma'aikatan masaƙa, a famfonsa ake alwala, dusarsa ce ta ƙiba saniyar liman."

"Af, liman ma ya ci giya ke nan?"

"Kai, Lawal, ji tsoron Allah. Saniya ce ta ci. Shi nono ya sha."

Dariya muke, amma abin na cin sa. Da albashin wurin ya ciyar da 'ya'yansa, kuma duk malamin da ya gani sai ya tare shi da tambaya ɗaya: za a yafe? A ce masa tuba na shafe na baya, ya yi godiya, Juma'a mai zuwa ya nemi wani.

"Haba Baba, ba an ba ka amsa ba?"

"Wancan Bamisire ne, bai san Kaduna ba."

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, na kai masa kunu, ya riƙe hannuna. "Ni dai na ɗauki nawa, Lawal. Yaran fa? Su ba su san abin da suka ci ba."

Wallahi tsokanata ta ƙare a nan.

Ya Allah, Ka san yunwa ce ta kai shi ƙofar nan, Ka ga yadda ya tuba. Ka yafe wa Baba Sale. Yaran kuma, Ka sa albarka a jikin da tuwon nan ya gina.