Ɓawon Gyaɗar Jibo Gafir

Hawashata ita ce gona ta ƙarshe a kan tur'armu, wato magudanar da ke shayar da gonakinmu. Ruwa zai baro madatsar Makwar, ya biyo magudana, gonakin mutum arba'in su sha su ƙoshi, sannan abin da ya rage ya lallaɓo wurina. Saboda haka ban taɓa ƙaunar gafir ba, wato mai tsaron ƙofar ruwa. Jibo ya yi shekara talatin da ɗaya da mabuɗin ƙofar nan a hannunsa, ni kuma na yi talatin daga ciki ina ɓata masa suna.

Kakansa ya taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar hajji, ya tsaya nan garinmu Mai Wurno don ya yi damina ɗaya, a nan aka binne shi bayan shekara hamsin. Jibo bai shiga makarantar gwamnati ba, allo kawai ya yi, amma ya sauke, kuma yana da murya. Idan salla ta riske mu a gona, shi muke turawa gaba. Siriri ne, gajere, sai an yi da gaske ake jin maganarsa.

Ga abin da ya jawo masa. Duk ranar da zai sake mana ruwa, sai ya zo da ɓawon gyaɗa cike da hularsa, ya watsa a bakin ƙofa, ya hau farin jakinsa ya riga ɓawon zuwa ƙaramar gadar da ke ƙasa. A nan zai tsuguna ya ƙura wa ruwa ido, yana jan carbi, bakinsa na motsi, wani lokaci har rana ta take. Sai ya gama wannan zai koma ya ƙara buɗe ƙofa ko ya rage.

Shekarar da audugata ta yi kwana huɗu tana jiran ruwa, raina ya ɓaci, na tsaya a ƙofar masallaci na ce mu muna ƙonewa gafir yana can yana ciyar da mutanen ruwa. Wa ya taɓa ganin Musulmi yana zuba wa ruwa abu yana masa raɗa? Kafin Juma'a ta zagayo, sunansa ya zama Jibo mai aljanu. Ba wanda ya kore shi daga masallaci, amma daga ranar ba a sake tura shi gaba ba. In an ta da salla a gona, sai ya je ƙarshen sahu ya tsaya. Matarsa Barakatu ta yi ta fama da shi ya fito ya wanke kansa, ya ce mata waɗanda suka zarge shi ba su tambaye shi ba, shi kuwa ba zai amsa tambayar da ba a yi ba. Taurin kai ke nan, kuma ni ma ina da nawa, don haka aka tafi a haka.

'Yarsa Muhsina da wannan suna ta girma. Ba ta taɓa tambayarsa ba ita ma, ina jin tsoron amsar take yi. Ta sa kai a karatu, ta tafi jami'a a Khartum, daga can ta wuce ƙasar waje. A shekarar da Jibo ya ajiye mabuɗi ta dawo hutu. Na je gaishe ta, kuma gaskiya na je ne in ga abin da 'yar mai aljanu ta zama. Na same su da mahaifinta bayan azahar a gindin bagaruwar da ke bakin ƙofar ruwa, inda yake wuni ko bayan ya bar aiki, ita da kwamfuta a cinya.

Na ce, "To ɗiyata, mi kinka karanto shekara tara? Likita ko injiniya?"

Ta ce, "Kawu Attahiru, iskar rana nike karantawa."

Na yi dariya har na tuntsire. Na ce zafin rana dai na sani, shi ya cinye mini baya.

Ba ta ji haushi ba. Ta ce rana ba haske kawai take aikowa ba. Dare da rana tana hura wata iska, ba irin wadda muke shaƙa ba, ta wasu ƙwayoyi ce ƙanana da ido ba ya gani, masu ɗauke da lantarki. Kafin mutum ya ce bismillahi iskar ta ci kilomita ɗari huɗu, amma duk da haka sai ta yi kwana huɗu kafin ta iso mu, don tsakaninmu da rana kilomita miliyan ɗari da hamsin ne. Ta ce yanzu haka tana kaɗawa a kan duniya, Allah ya sa mana wata garkuwa ta maganaɗisu da ke karkatar da ita. Dariyata ta tsaya. Na ɗaga kai na dubi wannan rana da na yi shekara saba'in ina noma a ƙarƙashinta, na ji ban san ta ba.

Ta ci gaba. Iskar tana jan zaruruwan maganaɗisu daga rana, kuma ba miƙe suke ba, cike suke da murɗe-murɗe. Wani lokaci wani sashe na rana yakan yi bindiga, ya watso wasu ƙwayoyi masu tsananin gudu gaba ɗaya. Su kuma sai su bi zaruruwan nan kamar yadda ruwa ke bin magudana. Akwai na'urori a sararin sama da ke ƙirga isowarsu.

"Tare sunka taso, amma ba tare suke isowa ba," in ji ta, tana nuna mana a kwamfutar. "Na farko ko awa ɗaya ba su yi. Wasu sai bayan kwana biyu. Ga ta bara, ta zo a dunƙule ta wuce. Ga kuma wata, ta zo a tsinke, kwana uku tana ɗiga."

Sai Jibo ya ce, "Ta biyun nan, hanyatta ta yi ciyawa."

Muhsina ta juya. "Na'am, Baba?"

"In hanya tsaf take, tare suke zuwa. In akwai ciyawa ko laka, ruwa shina yin shaima, shina juyawa wuri ɗaya. Shaima ta kama wasu, ta juya su, ta maishe su baya, ta sake su ɗaya-ɗaya. Kada ki dubi na farko, shi kullum sa'a gare shi. Ki ƙirga daga na farko zuwa na ƙarshe, nan za ki san halin hanya."

Na ga hannunta ya bar kan kwamfutar. Ta ce abin da ya faɗa shi ne ainihin aikinta. Ba wanda zai iya zuwa ya leƙa tsakanin rana da duniya taki-taki, don haka daga tsinkewar isowar ƙwayoyin suke lissafa yawan hargitsin da ke hanya. Shekara biyu ta yi kafin ta gane haka sosai. Sai ta dubi ƙofar ruwa, ta dubi hular da ke kansa.

"Baba," ta ce a hankali, "ɓawon gyaɗar nan. Mi kake yi da shi?"

"Ƙirga nike. Ba ni da agogo, sai carbi. In na farko da na ƙarshe sun zo cikin istigfari ɗari uku, tur'a lafiya lau. In sun kai dubu, ta toshe, ya'ni ruwa ba shi kai wa na ƙarshe sai na ƙara buɗi, in je in nemo inda ciyawa take." Bai dube ni ba, ya ƙara da cewa, "Na ƙarshe nike wa."

Na ƙarshe ni ne. Ba wani a bayana sai ƙaya da fili.

Ban iya kwatanta abin da na ji ba sai dai in ce tsoro da kunya ne suka haɗu mini. Tsoron Ubangijin da ya sa doka ɗaya a kan ɓawon gyaɗa a tur'ar ƙauyenmu da kan abin da rana ke watsowa daga nisan da hankalina ba ya ɗauka. Kunyar kuwa ta mutumin da ya yi shekara talatin yana tsugune a rana yana neman gafara yana ƙirga mini ruwa, ni ina cin dawar da ruwan ya shayar ina kiransa mai aljanu. Muhsina ta ja gyalenta ta rufe fuska. Ita ma ta yi nata shirun na shekaru.

Muna nan la'asar ta yi. Mutum shida suka fito daga hawashoshinsu, muka yi alwala a bakin tur'a. Tun da na tsufa ni ake turawa gaba, ga shi an bar mini wuri ana jira. Jibo ya nufi ƙarshen sahu kamar kullum. Na bi shi na kamo hannun jallabiyarsa, na ja shi gaba.

Ya ce, "Attahiru, ka tabbata?"

Na ce, "Ni na faɗa a ƙofar masallaci, kuma ƙarya na yi. Ranar Juma'a can zan koma in faɗa. Wuce."

Mutane suka dubi juna, ba wanda ya fita daga sahu. La'asar ba a bayyana karatu, saboda haka kabbararsa kawai muka ji. Da aka sallame kowa ya koma gonarsa, ni ban koma ba. Na zauna a gindin bagaruwar ina jiran magariba, don shekara talatin rabona da in ji muryarsa a Fatiha.